Sana'ar da ba a so da asirin da ba shi da sharaɗi: fashin baƙi kan rigimar wasan labari

Ranar Asabar bayan sallar isha'i mukan shimfiɗa tabarma a fadarmu, nan kusa da Birni a Zinder, mu shida, wani lokaci bakwai. Ga butar shayi kan gawayi, ga takardu da fensir, ga ƙwayoyin lido iri-iri, har da mai fuska 20. Mai wucewa yakan ɗauka caca muke, an kuma sha tambayarmu, alhali ko dala ba a sawa. Wasan labari ne. Mutum ɗaya ke jan labarin, shi ke faɗin yadda ƙasa take da abin da ya taso. Sauran kowa na riƙe da gwarzo guda, yana faɗin abin da gwarzonsa zai yi, ƙwaya kuma ta yanke ko ya dace ko bai dace ba. Tamkar tatsuniya ce da aka ba masu saurare izinin shiga ciki.

Ni ke jan labarin, don haka duk rigimar da ta tashi a gabana take sauka. Na lura iri biyu ce ke dawowa kullum. Ko dai a ce wane ba zai ɗauki sana'a kaza ba, ko kuma a tsaya ana musu kan ko asirin da wane ya jefa ya halatta a doka. Na daɗe ina ɗaukar su matsala biyu. Yanzu na gamsu saiwarsu ɗaya, kuma sai an koma tarihin wasan ake ganinta.

Wasan da ya haifi sauran shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ƙarƙashin kamfanin TSR. A bugun farko sana'o'i uku ne kacal: mayaƙi, matsafi, da mai warkarwa wanda ke samun ikonsa daga abin da yake bauta wa. Na zaɓi kalmar sana'a da gangan, domin Bahaushe ya san abin tun kafin a rubuta shi a littafi. Maƙeri da ƙira, wanzami da aska, maharbi da baka, maroƙi da bakinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma gari ba ya tafiya sai da su duka. Haka aka gina wasan: ƙungiya ce ta mutanen da kowannensu ya iya abin da ɗan'uwansa bai iya ba.

A 1975 aka ƙaro ɓarawo, kuma tun ranar ake ƙorafi a kansa. Dalilin da ke fili shi ne, wanda ya ɗauki ɓarawo yakan ga ai sunan ya ba shi lasisin zare jakar abokan tafiyarsa, in an yi magana ya ce halin gwarzonsa ke nan. Wannan ya raba ƙungiyoyi da dama. Amma akwai dalili mai zurfi da tsofaffin ƴan wasa ke kawowa. Kafin zuwan ɓarawo, kowa na iya cewa zai laɓe a inuwa, ko zai duba ƙofa ko an ɗana tarko, mai jan labari ya auna ya yanke. Da aka rubuta waɗannan abubuwa a takardar ɓarawo da lissafinsu, sai tunani ya koma cewa saura ba su iya ba. Shi kansa ɓarawon kuma ba a ba shi abin kirki ba: a littafin 1978, ɓarawo ɗan matakin farko na da kashi 25 cikin 100 na buɗe kwaɗo, kashi 15 na tafiya ba motsi, kashi 10 na ɓuya a inuwa. An ƙwace wa kowa abu, an ba mutum guda, shi ma yawanci yana kasawa. Duk sabuwar sana'a da aka ƙirƙiro, daga kwanon wani ake ɗebo mata tuwo.

Akwai kuma sana'ar da ba mai hana ta, sai dai ba mai son ta. Mai warkarwa ke nan. Kamar gola yake a ƙwallon unguwa: kowa ya yarda ba a wasa sai da shi, kowa kuma na jiran wanda ya zo a makare a ɗora masa. Shekaru da yawa aikinsa shi ne ya bi bayan mayaƙa yana mayar musu da jinin da suka zubar, layinsa, wato lokacinsa na yin wasa, ya zo ya wuce bai yi abin da za a tuna ba. Masu tsara wasan sun gane haka. A bugu na huɗu na 2008 da na biyar na 2014 sun ba kowane gwarzo hanyar farfaɗo da kansa in an huta, suka kuma bar mai warkarwa ya yi magani ya kai hari a layi ɗaya. Maharbi na 2014 shi ma ya sha tsangwama, ana cewa rago ne, har kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan a lokacin, ya fitar da gwajin gyararsa a 2016, ya ƙara masa wasu zaɓuɓɓuka a 2020. Waɗannan masu sauƙi ne, gyaran lissafi ke warkar da su.

Mai wuyar ita ce ta matsafi.

Tsarin asirin wasan an aro shi ne daga labaran marubuci Jack Vance, waɗanda suka fara fitowa a 1950. A cikinsu matsafi kan cusa laƙani a kansa da safe, da zarar ya furta shi sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa, sai ya sake komawa littafi. Gygax ya so wannan ne saboda yana sa asiri ya zama kamar kibiya a kwari, ana ƙirga shi, yana ƙarewa. Dubi matsafin 1978 a matakin farko. Laƙani ɗaya tak a yini. Jininsa na asali, wato makin raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, tsakanin 1 da 4, ba ya sa sulke, karen gida na iya kai shi ƙasa. In aka buge shi yana tsakiyar karanta laƙani, laƙanin ya tafi a banza. Sai ya tara maki 2,500 kafin ya hau mataki na biyu, alhali mayaƙi 2,000 yake nema, ɓarawo 1,250. Yarjejeniyar a fili take: ka sha wuya da ƙuruciya, in ka rayu ka mallaki duniya da tsufa. Akasarinsu kuwa ba sa rayuwa.

Daga baya aka riƙa cire wahalar ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane cirewa na da hujjarsa, don ba wanda ke jin daɗin zaman awa uku yana jiran ya jefa abu guda. Bugu na uku na shekarar 2000, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya daidaita makin hawa mataki ga kowa, ya kuma ba matsafi damar riƙe laƙaninsa ko an buge shi in ƙwaya ta taimaka. Bugu na biyar ya ba shi ƙananan laƙanai da ba sa ƙarewa, ya ƙara masa jini. Wahalar ƙuruciya ta tafi, mulkin tsufa yana nan daram. A mataki na 5 mayaƙi na samun sara biyu a layi maimakon ɗaya. A wannan matakin matsafi na samun ƙwallon wuta mai ƙona duk abin da ke cikin tazarar mita 6, ana jefa masa ƙwayoyi 8, yana kuma iya tashi sama. Tun a mataki na 3 yana da irin layar zana, yana da laƙanin da ke buɗe kwaɗon da ɓarawo ke gumi a kansa. A mataki na 17 yana iya yin fata ta tabbata. Mayaƙi kuma sai a mataki na 20 yake kai sara huɗu. Shi yana hawa tsani ne, wancan yana tashi kamar shaho.

Ban fahimci nauyin wannan ba sai da ya same ni. Na shirya labarin ayari, irin wanda ke tashi daga birni kamar Damagaram ta zamanin Tanimu, ya bi ta Damargu ya nufi Agadas. Na ɗauki makonni ina tsara shi. Na zana rijiyoyi, na ƙirga salkunan ruwa, na sa wata rijiya da za su tarar ta ƙafe, na sa madugu mai taurin kai da zai tilasta musu zaɓi tsakanin hanya mai nisa mai ruwa da gajeriya ta ƙishirwa. Na yi imani wannan zai taɓa su, don mu mutanen Zinder ba labarin ƙishirwa ake ba mu ba. Mun san layin bidon a bakin famfo da asuba, mun san jiran ɗan garuwa a watan Afrilu. Da suka iso rijiyar da ta ƙafe, na sassauta murya ina kwatanta guga na bugun busasshen yashi. Sai ƙanena, wanda ke riƙe da bokan daji, wata sana'ar masu asiri, ya ɗaga takardarsa.

"Yaya, ai ina da na samar da ruwa. Na matakin farko ne."

Na duba, gaskiyarsa. Laƙanin na kawo kusan lita 40 a jifa ɗaya. Yana da wani kuma mai fitar da ƴaƴan itace 10, kowanne na ƙosar da mutum yini guda. Gurbi biyu mafi araha, wato jifa biyu daga rabon laƙanansa na yini, ƙishirwa da yunwa sun fita daga labarin. Abin da ya fi damuna shi ne abokinmu mai riƙe da maharbi, wanda ya gina gwarzonsa kacokan kan sanin daji da gano ruwa. Bai ce komai ba. Ya ajiye fensirinsa ya jawo butar shayi ya kama haɗa na biyu, har aka tashi bai sake jefa ƙwaya ba. Ƙanena bai karya doka ko ɗaya ba, amma ya cinye rabon wani.

A nan rigimar biyu ke haɗuwa. Mai jan labarin da ya ce ba ya son bokan daji ko matsafi a tabarmarsa, da ɗan wasan da ke ta tono doka don a hana wani laƙani aiki, abu ɗaya ke cin su: wani na warware komai, wani na zaune ba aikin yi.

Littafin jagora na 2014 ya gina lissafinsa kan cewa ƙungiya za ta yi karo shida zuwa takwas a yini kafin ta yi dogon hutu na awa 8, wanda ke mayar wa matsafi duk gurabensa. In aka yi haka, kafin la'asar kwarinsa ya kusa ƙarewa, mayaƙi kuma takobinsa ba ya gajiya. To wa ke da wannan lokaci? Mu awa uku muke zama, faɗa ɗaya ko biyu, wuta ma ta ɗauke a koma hasken waya. Kowane karo matsafi na shigowa da kwari cike. Maganin da ya yi mana aiki na cikin littafin kansa, a matsayin zaɓi: gajeren hutu ya zama kwana guda, dogon hutu ya zama kwana bakwai. Mun ɗauke shi don tafiyar daji kawai. Yanzu in bokan daji ya kashe gurbi kan ruwa, ya san ba zai dawo ba sai an shiga gari an zauna, sai ga shi yana tambayar maharbi ina rijiya ta gaba. Tun a 1991 masu tsara duniyar Dark Sun, wata ƙasar labari ta wasan wadda hamada ce, suka bi ta wata hanyar: matsafin da bai yi hattara ba yana zuƙe ran tsirrai in ya yi asiri, ƙasa ta zama toka, jama'a kuma na farautarsa. Asiri na nan, amma da farashinsa.

Mu ma a labaranmu haka yake. Ba a taɓa ba mutum laƙani ba tare da sharaɗi ba. Kar ka ci kaza, kar ka waiwaya, kar ka faɗa wa kowa. Ɗan tauri na da abin da ke karya shi, kowane asiri na da makarinsa, kuma daɗin labarin na ranar da sharaɗin ya karye. Shi ya sa nake ganin yawancin dokokin da ake musu a kansu sharuɗɗa ne da aka yi sakaci da su. Littafi ya ce laƙani na iya buƙatar furuci, ko motsin hannu, ko wani kaya. Wanda aka ɗaure wa baki ba ya jefa na furuci. Wanda ke riƙe da garkuwa a hagu da takobi a dama sai ya nemi hannun da zai yi motsin. Kayan da aka rubuta kuɗinsu dole a saye su: tayar da wanda ya mutu cikin minti guda na cin lu'ulu'u na zinariya 300, kuma yana ƙonewa. Muhimmi a gare ni shi ne furucin ana jin sa. Wani ya taɓa cewa zai juya hankalin sarki yana durƙushe a gabansa. Na tambaye shi, a cikin fada, dogarai na tsaye, ka ɗaga murya kana surkulle kana kaɗa hannu, me kake zaton zai biyo baya? Sai ya juya ga mai riƙe da maroƙi ya ce shi ya yi maganar. Sharaɗi ɗaya ya mayar wa wani sana'arsa.

Dokar natsuwa ita ma sharaɗi ce, kuma ita ce mafi hikima a bugu na biyar. Manyan laƙanai masu ɗorewa ba a riƙe biyu a lokaci guda. In an raunata mai riƙon, sai ya jefa ƙwaya ya kai 10, ko rabin raunin in ya fi 10, in ya kasa laƙanin ya watse. Matsalar kawai ita ce ana mantawa, mai laƙanin kuma ba shi zai tuna maka ba. Mu mukan ɗora ƙaramin kofin shayi kife kan takardar duk wanda ke cikin natsuwa.

Makari kuwa, wato laƙanin karya laƙani, shi ya fi cinye mana dare. A dokar 2014, in ka ga wani na jefa asiri cikin tazarar mita 18, kana iya katse shi nan take. In ƙarfin laƙaninsa bai wuce daraja ta 3 ba ya karye kai tsaye, in ya wuce sai ka jefa ƙwaya ka kai 10 haɗe da darajarsa. Tambayoyin da ke biyo baya ba sa ƙarewa. Shin ka san wane laƙani ne kafin ka yanke shawarar karya shi? Wani littafin ƙari na 2017 ya ce gane laƙani na cin damar martani guda da kake da ita, wato ba za ka gane ka kuma karya kai kaɗai ba. Shin ana karya makarin da makari? Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara dokokin, ya ce ana yi. Wata rana abin ya kai mutum uku na karya juna a kan jifa ɗaya, kowa da waya a hannu yana neman hujja, ɗaya na karanta fassarar Faransanci, ɗaya na cewa ba haka take a asalin ba. Mayaƙanmu biyu suka shiga hirar kokawa. Gyaran 2024 ya sauya abin: yanzu wanda ake son karyawa ne ke jefa ƙwaya don ya tsirar da laƙaninsa, in ya faɗi layinsa ya tafi amma gurbinsa bai ƙone ba. An kuma sauƙaƙa wata doka mai ruɗarwa ta jefa laƙani biyu a layi ɗaya, aka ce gurbi guda kawai ake kashewa a layi. Sai dai wannan ya haifar da sabon musu, domin yanzu dokoki biyu ke yawo da suna ɗaya, kowa na ɗauko wadda ta yi masa daɗi.

Saura guda, wadda ta fi shafar mu a nan, kuma lissafi ba ya gyara ta. Littafin 2014 na da sana'o'i 12. A cikinsu akwai wanda ikonsa ke zuwa daga yarjejeniya da shaiɗani ko wani aljani, akwai mai warkarwa mai hidimar gunki. Ranar da wani sabon zuwa, ɗalibin jami'a, ya ce mai yarjejeniyar zai ɗauka, babbanmu a fada ya ce da ni a hankali: "Malam, in da wannan a ciki, ni a yafe mini." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mutum ne da ba ya son bakinsa ya saba da irin wannan furuci ko da wasa, kuma wannan haƙƙinsa ne. Ba mu kaɗai muka taɓa cin karo da haka ba. A Amurka ma, bayan koke-koken iyaye da wasu majami'u a shekarun 1980, bugun 1989 ya cire sana'ar makashi daga babban littafi, ya kuma sauya sunayen shaiɗanu. Abin da muka yi shi ne muka raba lissafi da labari. Lambobin takardar suka zauna yadda suke, tushen ikon ya canza. Mai yarjejeniya ya zama bawan wata sarauniyar ƙarƙashin duwatsu da ke bin sa bashi, mai warkarwa ya zama wanzami da ya gaji sirrin saiwoyi da ƙaho daga kakansa. Ba wanda ke furta bauta ga wani abu a tabarmarmu, ɗalibin kuma ya samu irin wasan da yake so.

Ba na cewa kada a hana sana'a. Akwai ƙasar labarin da wata sana'a ba ta dace da ita ba, kamar yadda duniyar Dark Sun ta farko ba ta da barde mai rantsuwa. Abin da na ƙi shi ne hanin da ke zuwa bayan mutum ya kwana yana gina gwarzonsa, ko hanin da ba a faɗi dalilinsa ba, ko a sauya dokar asiri a tsakiyar faɗa don kawai ta ɓata wa mai jan labari shiri. Ranar rijiyar nan na so in ce laƙanin ruwan ba ya aiki a hamada. Da na faɗa, da ƙanena bai sake yarda da hukuncina ba, kuma da gaskiyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu kafin kowane sabon labari mukan ba da zama guda cur ba a jefa ƙwaya. A nan ake faɗin bugun da za a bi, sana'o'in da ke akwai a ƙasar da dalilin rashin sauran, da abin da wani ba ya son ji. In musu ya taso a tsakiyar wasa, minti biyu ake ba shi, in yanke, a ci gaba, a duba littafi bayan an tashi. In na yi kuskure sai in faɗa a zama na gaba, a rubuta hukuncin a wani littafin makaranta mai bango shuɗi da ke hannun babbanmu, kuma abin da aka rubuta yana hawa kan miyagun da nake riƙewa kamar yadda yake hawa kan gwarazansu. Shafi na tara muke. Na ƙarshe da aka rubuta shi ne cewa ba a karya laƙanin da ba a ga mai jefa shi ba, kuma maharbinmu ne ya kawo shawarar, don yana da shirin tayar da ƙura tsakanin ayari da matsafin ƴan fashi a Asabar mai zuwa.